Na Kasa Hawa Motar Surukina

Assalamu alaikum Edita, da kai da masu karatu baki ɗaya. Na daɗe ina bin wannan fili ina jinjina wa masu ƙarfin halin faɗin abin da ya same su, ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma ina da abin faɗi ba, don labarina ba shi da hawaye da yawa, wani wurin ma na san dariya za a yi mini. Amma duk lokacin da na ga ɗalibai suna yawo da takardunsu daga wannan kamfani zuwa wancan suna neman wurin koyon aiki, sai zuciyata ta koma shekarar da na yi tawa, da irin rijiyar da na kusa jefa kaina da wani bawan Allah a ciki. Ku yi haƙuri ba zan kira sunan kowa ba, ɗaya daga cikinsu ma har yau bakina bai iya furta sunansa.

A lokacin na ɗan haura shekara ashirin, na gama ƙaramar difloma a fannin gwaje-gwajen kimiyya, sai shekarar koyon aiki da ake yi kafin a koma babbar difloma. Ni haifaffen 'Yandoto ne, ɗan manoma. Da za ka tambayi mutanen unguwarmu abu ɗaya game da ni, kunya za su ce maka. Innata takan yi alfahari da ni a gidan biki, ta ce ɗanta ko ruwa ba ya iya sha a gaban baƙo. Ni kuma na ɗauki yabon nan na rataya a wuya kamar laya, ina ganin duk wanda ya iya kallon babba ido cikin ido fitsararre ne. Ban taɓa zama na tambayi kaina ko halin da ake yabona da shi yana da ranar da zai cutar da wani ba.

Akwai yarinyar da nake so a Kekun Waje, garin da goggona take aure, har manya sun shiga maganar. Mahaifinta dattijo ne mai sayen hatsi a hannun manoma ya kai gaba, mutum mai ƙarancin magana, wanda a kasuwa in ya ce buhu ya cika ba a sake aunawa. Ya aiko wa baffana cewa ya ba ni, amma ba za a sa rana ba sai na gama shekarar koyon aikin nan na fito da shaida mai kyau. Ya ce shi bai san karatun boko ba, abin da ya sani shi ne a ba mutum aiki ya riƙe shi har ƙarshe ba a kore shi ba. Tun daga ranar da saƙon nan ya iso, ni da shi ba mu ƙara haɗa ido ba. In na hango shi tafe a hanya sai in sake lungu, in ba makawa kuma in cire takalmi in durƙusa can nesa in gaishe shi, shi ma ya kau da kai ya amsa a taƙaice ya wuce. Baƙo zai ɗauka gaba muke yi, alhali a wurinmu iyakar girmamawa ke nan.

Allah ya taimake ni na samu wuri a wani babban kamfani da ke bayan garin Gusau, mai sayen waken suya yana matse mai, tunkuzar kuma a haɗa abincin kaji da ita. Ranar da na fara shiga na tsaya baki buɗe ina kallon sito, don girmansa ya ishe mu mu buga ƙwallo a ciki. Aka ba ni farar riga da hular kwano da wani takalmi mai ƙarfe a baki wanda ya fi ƙafata nauyi. Kafin a nuna mini wurin zama na riga na sa an ɗauke ni hoto na tura gida. Ranar Juma'ar farko da na shiga mota zan je 'Yandoto, muna wuce duwatsun Kwatarkwashi ina hakimce a gidan gaba, ji nake kamar ni ne manajan kamfanin, alhali duk makon kwalabe na wanke.

Shugabar ɗakin gwaji wata Hajiya ce 'yar Gusau, gajera, kullum tabarau a kan hanci, bakinta ba ya raga wa kowa. Direbobin manyan motoci sun fi shakkarta a kan manaja. Tun makon farko ta raɗa mini Malam Shiru, da ta lura in aka kawo abincin rana bango nake fuskanta in ci. Sai ta riƙa tsokanata tana tambaya ko bangon ne ya dafa mini. Amma duk wannan bakin nata, ban taɓa samun malamin da ya koya mini aiki da zuciya ɗaya kamarta ba. Ba ta ɓoye komai. In na yi kuskure sai ta wanke ni tas a gaban kowa, in na gyara kuma ta yaba mini a gaban mutanen da ta wanke ni. Da ta ga hannuna ya faɗa, sai ta fitar da ni bakin ƙofa wajen sikeli, inda motoci ke tsayawa kafin a shigar da kaya.

Aikin bakin ƙofa ba shi da wuyar faɗi. Mota ta tsaya, ka hau can saman kayan da wani dogon ƙarfe mai rami a ciki, ka soka shi a buhunan sama da na tsakiya da na ƙasa, ka haɗa abin da ka ɗebo ka zuba a na'urar auna danshi. In waken ya bushe a shigar, in da sauran ruwa a jikinsa ka sauko ka sami mai kayan ka faɗa masa da bakinka. Hajiya ta nanata mini dalili har na haddace. Wake mai danshi in aka jibge shi a sito zafi yake ɗauka daga ciki, ya yi fumfuna ya ruɓe, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, sai ya ja na kusa da shi. Dokarta ita ce ba motar da za ta wuce ba a hau kanta ba, ko ta wane ce. Abin mamaki, sai ga ni na iya. Da baƙin fuska bakina buɗewa yake yi, in dubi Alhaji sa'an babana in ce masa kayansa ba su bushe ba, ya yi faɗansa ya gama in ba shi haƙuri. Har na fara jin kaina. Ban gane ba cewa farar rigar ce take magana, ni ina ɓoye a cikinta.

Da kaka ta yi, layin motoci ya kai har bakin titi. A shekarar kuma danshi ya yi yawa, saboda halin rashin tsaro da daji yake ciki, wanda ba sai na yi wa mutumin jiharmu bayani ba. Ba mai yarda ya yanke wake ya bar shi a gona ya sha rana kamar da. Yau a yanke, a sussuke a gaggauce, a ɗura a buhu a gudo gida. Don haka mun mayar da motoci da yawa. Amma mayarwar ba asara ba ce, ɓacin rai ne kawai da wahala. Mai kaya ya je ya baza a kan tamfol, rana ta dake shi kwana biyu ko uku, ya dawo a karɓa.

Wata safiya ina tsakiyar layi da ƙarfena a kafaɗa, sai na ga an buɗe ƙofar wata mota, dattijo ya sauko yana gyara rawani. Na ƙara dubawa. Surukina ne. Ban san ya fara kawo mana kaya ba, a sanina kasuwa yake kai wa. Kafin kaina ya yi tunani jikina ya riga ya yi abin da ya saba. Na jefar da ƙarfen, na tsugunna ina kiciniyar kwance igiyar wannan jibgegen takalmi, na durƙusa da safa a cikin ƙasa, da farar riga da hular kwano, ina gaisuwa. Direbobi suka kwashe da dariya, wani yana cewa yau mai awo ya gamu da gamonsa. Dattijo ya amsa ba tare da ya dube ni ba, ya koma inuwar motarsa, direbansa ya shimfiɗa masa tabarma daidai gindin taya, ya zauna ya ciro carbi.

A nan ne na rasa yadda zan yi da raina. Matakalar hawa motar tana daidai inda yake zaune. In zan hau, sai na bi ta kansa da takalmi, in je in tsaya ƙiƙam a samansa, ƙafafuna sama da rawaninsa, in riƙa soka ƙarfe a cikin kayansa kamar mai binciken ɓarawo. Mutumin da ko tsayuwa ban taɓa yi a gabansa ba. Na yi ta zagaye motar ina gumi. A ƙarshe na lallaɓa ta baya inda ba ya ganina, ina tsaye a ƙasa na ɗebo daga buhunan bakin mota, waɗanda rana da iskar hanya suka riga suka busar. Na'ura ta nuna lafiya lau. Amma kafin in bar wurin na zura tafina tsakanin buhuna, na ji wani sanyi-sanyi wanda ɗan manomi ba ya buƙatar na'ura ta fassara masa. Na sani. Na zare hannuna na goge a riga, na ɗaga wa mai sikeli hannu a shigar.

Da sau ɗaya ne da sauƙi. Dattijo ya koma gida ya gaya wa manoma wakensu ya karɓu, ba sai sun sha wahalar shanya ba, mutane suka yi ta kawo masa, ya dawo da wata motar, ya sake dawowa. Kowane zuwa a gindin tayar nan yake zama, ni kuma in zagaya ta baya. Na sha yin niyyar in gaya wa Hajiya, amma ta ina zan fara? Sai na buɗe baki na ce wa sa'ar innata ina da budurwa, kuma ga ubanta a waje. Ko a zuciya na faɗa sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Sai na riƙa rarrashin kaina cewa sito babba ne, motar mutum ɗaya ba za ta yi komai ba.

Bayan 'yan makonni leburori suka fara ƙorafin wani tsami a kusurwar sito. Da aka rushe jerin buhunan, na tsakiya zafi suke kamar an sauke su daga kan murhu. Aka farke ɗaya, waken ya yi baƙi ya dunƙule da fumfuna. Kowane mai kaya yana da alamarsa a jikin buhu, waɗannan kuwa duk da zoben jan fenti, alamar surukina. Manaja ya zo ya tsaya a kai yana huci. Ya ce wannan tsohuwar dabara ce ta macuta, a jera busassun buhuna a baki a cusa jiƙaƙƙu a ciki. Ya ce mai jan fentin nan ya gama shigowa kamfanin, kuma zai sa a sanar da sauran masu saye su san irin mutumin da yake. Sa'an nan ya juyo ya dafa kafaɗata, ya ce kada in damu, ni ɗalibi ne, tsofaffin 'yan kasuwa sun fi ni wayo.

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi a kan wannan dafawar. Na tsaya tsuru-tsuru ina lissafi. In na yi magana, korata za a yi, ba shaida, ba komawa makaranta, ba sa rana. In na yi shiru, zan gama shekarata lafiya in kai wa dattijon nan shaida mai kyau, alhali na bar shi da tambarin macuci a kasuwar da ba shi da wani jari a cikinta da ya wuce sunansa. Ina so in ce muku nan take na ɗaga hannu na faɗi gaskiya, amma ba haka aka yi ba. Shiru na yi, kamar yadda na saba, na koma ɗakin gwaji na kama wanke kwalaben da suke a wanke.

Hajiya ce ta shigo ta tura ƙofa ta zauna, ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ashe labarin ɗalibin da ya cire takalmi a bakin sikeli ya daɗe da zagaye kamfanin, ita kuma ta ajiye shi a ranta ba ta ce komai ba. Ta tambaye ni mene ne tsakanina da mai jan fenti. Na sunkuyar da kai. Ta tambaya ko babana ne, na girgiza kai. Ko kawuna, na girgiza. Sai ta ce, "Yana da ɗiya?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta fashe da dariya har da hawaye, sa'an nan dariyar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ta tambaye ni ko na taɓa hawa motarsa. Na ce a'a, a gindinta yake zama.

Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci irin na ranar ba, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta yi shekaru a gidan miji, har uban mijinta ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, don haka ba wanda zai koya mata kunyar suruki. Ta ce ba ta ga laifina don na kasa hawa ba, laifina shi ne na kasa zuwa in gaya mata. Da na ce mata kawai motar nan ba zan iya ba, ko dalili ba sai na faɗa ba, da ta tura wani ko ta hau da kanta, da an mayar da waken an shanya, da ba abin da ya ruɓe, kunyata kuma tana nan ba ta ragu ba. Ta ce hanya tana nan a buɗe duk tsawon lokacin nan, ni ne na zaɓi in bi ta bayan mota. Sa'an nan ta ce mini in duba da kyau, mutumin da nake cewa ina girmamawa, a duk layin nan shi kaɗai na cuta.

Ta tashi ta nufi ofishin manaja. Ban san duk abin da ta faɗa a can ba, na dai ji daga baya cewa manaja ya dage sai an sallame ni a ranar, ita kuma ta ce ita ta sa ɗalibi a bakin ƙofa shi kaɗai, don haka in kora ce a fara da ita. Ta dawo da hukunci. An janye maganar hana dattijo shigowa da ta ɓata masa suna, kamfani zai ɗauki wani kaso na asarar tunda mai awonsa ne ya yi sake, sauran kuma ya hau kan mai kaya. Ni kuma zan ci gaba da aiki bisa sharaɗi ɗaya. In ɗauki ƙarfe da na'ura in je Kekun Waje, in gaya wa dattijo abin da ya faru da bakina, ba ta bakin goggo ko baffa ba, sa'an nan in auna abin da ya rage a wurinsa kafin ya sake lodi. Ta ce in na ga ba zan iya ba, in ninke farar rigar in ajiye mata a kan tebur.

Washegari na shiga motar Bungudu, daga nan na hau kabu-kabu, ƙarfen nan a kafaɗata kamar mai zuwa farauta. Duk hanya ina shirya magana tana warwarewa. Na same shi a zaure shi kaɗai, labarin ruɓewar kaya ya riga ni isa, fuskarsa ta faɗa. Na cire takalmi tun daga waje na durƙusa a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa, maimakon in tashi in gudu kamar kullum, sai na zauna daram. Ya ɗan juyo da mamaki. Idona a kan tabarma, na faɗa masa komai: cewa ban taɓa hawa motarsa ba, cewa tun zuwan farko hannuna ya ji danshi na yi shiru, cewa saura ƙiris a kira shi macuci a kan laifina. Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gabansa, kuma a lokacin na ɗauka ita ce ta ƙarshe.

Ya ajiye carbinsa. Can ya ce, "Yaro, ka san mi yas sa ni bar kasuwa ni kai kayana wurinku? Don an ce mini kai ka awo. Nic ce to, ga inda ba a cuta ta, kuma ba a bari in cuci kowa ban sani ba." Ya numfasa. "Da ka hwaɗa mini tun ranar, da na baza shi tsakar gida. Wahalar kwana biyu ce." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, amma ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ashe duk zaman da yake yi a gindin taya, zaman wanda ya saki jiki ne, ya miƙa kayansa da na mutanensa ga yaron da ya yarda da shi.

Na yunƙura zan fita, don a ganina magana ta ƙare, da ta aiki da ta aure. Sai ya miƙe ya ɗauki tabarmarsa ya ce in biyo shi. Muka shiga ɗakin ajiyarsa, buhuna jere har kusa da rufi. Ya shimfiɗa tabarmar daidai gindin jerin, inda ba yadda za a yi a hau ba a bi ta kansa ba, ya zauna ya naɗe ƙafa. Ya ce, "Tahi ka sanyo takalmanka." Na tsaya ina kallon ƙasa. Ya ce, "Da kai nike. Sanyo su, ka hau bisa." Na je na ɗauro su, na taka buhun da ke dab da kafaɗarsa, na hau. Ina can sama ina soka ƙarfe, rawaninsa yana ƙasan ƙafafuna, shi kuwa ko gezau, sai tambaya yake jefowa, wanga fa, na ƙasan fa. Na ce masa wannan ya bushe, wannan da saura, wannan ma da saura. Duk wanda na ce da saura sai ya sa a fitar da shi tsakar gida. Da na sauko na sake cire takalmi na durƙusa, shi kuma ya kau da kai kamar ba abin da ya faru.

Sauran watannin nan su ne mafi albarka a karatuna. Hajiya ta mayar da ni bakin ƙofa, ta kuma riƙa tura ni garuruwan da ke kawo mana kaya in nuna wa mutane yadda za su shanya a kan tamfol a cikin gida tunda ba a iya barin wake a gona, in auna musu kafin su biya kuɗin mota. Ta daina ce mini Malam Shiru, ta koma Angon Sikeli, sunan da ya bi ni har na bar kamfanin. Ranar da ta miƙa mini takardar shaida, na buɗe baki zan yi godiya ta ce in adana bakin, zan buƙace shi a gaba. Na koma makaranta na gama, an ɗaura aure, yanzu ina aiki a wani wurin daban, kuma duk ɗalibin da aka turo mini abin da nake fara gaya masa shi ne, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya zo ya faɗa, ba zan tambaye shi dalili ba. Hajiya kuwa ba na sallah in manta da ita a addu'a. Ta sa aikinta cikin haɗari ta kare yaron da bai haɗa komai da ita ba, a ranar da shi kansa ya kasa kare wanda ya fi cancanta ya kare.

Ban rubuto don in ce a watsar da kunya ba. Ina son ta, da ita aka raine ni, da ita zan raini 'ya'yana. Abin da na koya shi ne, wani lokaci abin da muke kira kunya kanmu kawai muke karewa daga jin nauyi, wanda muke cewa muna girmamawa kuma shi ke kwana a ciki. 'Yan uwana ɗalibai, musamman mu na karkara da za mu yi aiki a inda kowa ya san kowa, ku sani wata rana kawunku ko malaminku ko surukinku zai tsaya a gaban teburinku. In kun ga ba za ku iya ba, ku je wurin na gaba da ku ku faɗa tun da wuri. Ba kowa zai dace da shugaba irin tawa ba, ba kowa ne kuma zai sami dattijon da zai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Har yau ba na iya cin abinci a gaban surukina, kuma bai taɓa sake tayar da maganar ba, ko da wasa. Amma duk kaka, sai maiɗakina ta shigo tana ƙunshe dariya ta ce Baba ya aiko, wai in zo da ƙarfena. In na je sai in tarar ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin buhuna yana jirana. In ɗaure takalmi in hau, in faɗa masa abin da na gani, in sauko in cire.